Neman shawara: kwamfutocin VLAN 30 sun ƙi samun adireshi daga saba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a Kano. Babban suwic ɗinmu Cisco 3560 ne, shi ke haɗa VLAN uku, wato rukunonin da aka raba kwamfutocin: 10 na saba (server), 20 na malamai, 30 na ɗakin kwamfuta. Sabar DHCP, wadda ke raba wa kwamfutoci adireshi, tana 192.168.10.5. Na sa ip helper-address 192.168.10.5, umarnin da ke miƙa buƙatar adireshi ga sabar, a kan interface vlan 20 da na 30. Malamai suna samun adireshi lafiya lau, amma kwamfutocin ɗalibai, waɗanda ke bayan wani suwic Cisco 2960, sai adireshi mai farawa da 169.254 kawai. Jarrabawa ta ƙarato, don Allah a taimaka.

Injiniya daga Kaduna: Wa alaikumus salam. Wannan 169.254 kwamfuta ce ke ba kanta idan ta yi kira ba a amsa ba. Kiran farko shela ce, ba ta fita daga VLAN ɗinta, shi ya sa 3560 ke karɓarta ya rubuta adireshinsa na VLAN 30 a gurbin giaddr, wato gurbin adireshin mai miƙa saƙo, sannan ya miƙa wa saba kai tsaye ta UDP 67. Da wannan adireshin saba ke gane rumbun adireshin da za ta ɗebo. To ka duba, akwai rumbun 192.168.30.0 a sabar, kuma a kunne yake? Sabar ta san hanyar komawa VLAN 30?

Mai tambaya: Na gode, Injiniya. Rumbun yana nan a kunne. Idan na sa wa kwamfuta adireshi da hannu, ping na kaiwa saba ya dawo.

Wata 'yar uwa daga Zariya: To ashe hanya lafiyarta ƙalau. Malam, an kunna ip dhcp snooping, tsarin da ke tace saƙonnin DHCP, a 2960 ɗin? Ina kyautata zaton nan matsalar take. Idan an kunna shi, suwic ɗin yana cusa Option 82 cikin kowace buƙata, wato bayanin kafar (port) da kwamfutar ke maƙale, amma da yake shi ba mai miƙa saƙo ba ne, sai ya bar giaddr a 0.0.0.0. Shi kuwa 3560, in ya ga saƙo ɗauke da Option 82 ga giaddr babu komai, zubar da shi yake yi, don a wurinsa saƙon bai inganta ba. Malamai sun tsira ne saboda ba su bi ta 2960 ɗin ba. Ka buga show ip dhcp snooping ka gani. In haka ne, a 2960 ka sa no ip dhcp snooping information option. Ka kuma tabbatar kafar da ke hawa zuwa 3560 tana da ip dhcp snooping trust, wato an amince amsar DHCP ta shigo ta cikinta, in ba haka ba amsar saba ma ba za ta sauko ba.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi: Maganar Hajiya haka take. Sai dai ni na fi son a bar Option 82, a je interface vlan 30 na 3560 a sa ip dhcp relay information trusted. Wata rana za ka so sanin kafar da kowane adireshi ya tafi. Abin da dai ba zan goyi baya ba shi ne kashe snooping gaba ɗaya. Ɗalibi ɗaya ya jona 'yar rauta daga gida, ta fara rabon 192.168.0, duk ɗakin ya tsaya.

'Yar uwa daga Zariya: Duka biyun suna aiki. Amma in sabarsa ba a saita ta ta yi amfani da Option 82 ba, bayanin kaya ne kawai ba mai karɓa. Makaranta mai suwic biyu, cirewar ta fi sauƙin tunawa ga wanda zai gaje shi.

Mai tambaya: Alhamdu lillahi! Snooping a kunne yake, kafar sama kuma tana da trust tun asali. Na cire Option 82, na yi ipconfig /renew, nan take 192.168.30.21 ya fito. Saura abu ɗaya: da safe in an kunna kwamfutocin sai sun ɗan jima kafin su samu.

Injiniya daga Kaduna: Wannan spanning-tree ne, tsarin da ke hana saƙo zagaye tsakanin suwic, yana riƙe kafa kamar daƙiƙa 30 kafin ya sake ta. Sa spanning-tree portfast, mai cire wannan jiran, a kafofin kwamfutoci kaɗai, ka haɗa da bpduguard, mai rufe kafa in saƙon spanning-tree na wani suwic ya shigo ta cikinta. Kar ka sa shi a kafar da ke zuwa 3560.