Tambaya kan inzayim ɗin da ke ba cuku ƙamshi

Ƴar_Zariya:
Salam ƴan uwa, don Allah a taimaka min, gwajin mako ne da mu jibi. An ce ƙwayoyin da ke tsinka nono su ne ke sa cuku ƙamshi, to ta yaya? Ni dai na san tsami kawai suke kawowa.

Malam_Kimiyya:
Wa alaikissalam ƙanwata. Tsamin aikin farko ne kawai, sugan madara suke mayarwa asid. Daga baya ƙwayoyin bakteriya irin su Lactococcus lactis sai su dinga yayyanka kesin, furotin ɗin madara, har ya koma amino asid, wato ƙananan tubalan da ke gina furotin, sannan wani inzayim (furotin mai hanzarta sauyin sinadarai) mai suna aminotiransfares ya cire musu ɓangaren amino su koma wasu sinadarai da ake kira keto asid, amma fa sai akwai sinadarin alfa-ketogulutaret da zai karɓi ɓangaren amino ɗin, in ya yi ƙaranci aikin sai ya ja baya. A cikin amino asid ɗin, liyusin ke haifar da ƙamshin nan mai kama da na gyaɗa, metiyonin kuma inzayim layes ke farfasa shi ya fitar da warin farar wuta, wanda ake ji a cukun Cheddar.

Baban_Maraɗi:
Shi ya sa warar Fulani ba ta da wannan ƙamshin, da ruwan tumfafiya ake daskarar da ita kuma ba a ajiye ta watanni.

Malam_Kimiyya:
Haka ne Baba. Ƙanwata, ki kuma riƙe inzayim dikaboksiles, da shi wasu ƙwayoyin suke mayar da amino asid histidin ya koma histamin, tayirosin kuma ya koma tayiramin, waɗannan sinadarai biyun ne ke sa wasu mutane ciwon kai in sun ci tsohon cuku.

Ƴar_Zariya:
Allah ya saka da alheri Malam, yanzu na gane wallahi.