Wace kalma ce za ta tsaya mana a madadin "grace"?

1/ Jama'a, ina neman shawararku. Ni ne nake yin tafinta a majami'armu a nan Jos duk ranar da baƙon mai wa'azi ya zo da Turanci. Lahadin da ta wuce kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "grace". Yana ta maimaita ta, ni kuwa ina ta cewa "alheri", yadda muka tashi muka ji.

2/ Da aka tashi sujada, wata tsohuwa daga zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofa, littafin waƙoƙinta a hammata, bangonsa duk ya zare. Ta ce, "Ɗana, alherin nan da kake ta faɗa, me muka yi wa Allah da yake rama mana?" Na ce, "Mama, ai ba mu yi masa komai ba." Ta ce, "To, ni dai alherin da na sani, yi mini in yi maka ne."

Tun ranar maganar ba ta bar ni ba.

3/ Gaskiya gare ta. Mu ne muke cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mu ne muke cewa alheri gadon barci ne. Duk biyun suna yi wa mai alherin albishir ne cewa abinsa zai dawo masa. Ku dubi iyayenmu mata ranar biki: akwai mai zama da littafi tana rubuta wadda ta kawo atamfa da wadda ta kawo kwano, don ranar nata bikin a san abin da za a mayar. Zumunci ne mai kyau, amma akwai lissafi a cikinsa.

4/ Kalmar da Manzo Bulus ya rubuta da Helenanci a wasiƙunsa, wadda Turanci ya fassara "grace", ita ce "charis", tana kuma fitowa sama da sau 150 a Sabon Alkawari. Abin da yake nufi da ita ya fito fili a Romawa 5:6-8: da ƙyar wani zai yarda ya mutu saboda mai adalci, amma Allah ya nuna ƙaunarsa da Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi. Aya ta 10 ma cewa ta yi muna maƙiyansa a lokacin. A Romawa 4:4 ya raba gardamar: wanda ya yi aiki, abin da aka ba shi haƙƙinsa ne, ba kyauta ba. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto baiwar Allah ce ta wurin bangaskiya, ba sakamakon ayyuka ba, don kada wani ya yi fahariya. Wannan ita ce bangaskiyarmu, kuma ba ta cikin littafin biki.

5/ Na tuntuɓi 'yan'uwa, kowa ya kawo tasa.

Wani ya ce "jinƙai" ko "rahama". Kalmomi ne masu nauyi, amma sun riga sun sami wurinsu. Jinƙai shi ne a ɗauke maka hukuncin da ya dace da kai. Abin da muke nema ya zarce nan. Ɗan nan na Luka 15 da ya cinye gadonsa a baƙuwar ƙasa, ya dawo yana shirya maganar da zai faɗa don a ɗauke shi ɗan ƙwadago. Da uban ya ce, "Shiga, ba zan kore ka ba," da ya yi jinƙai. Sai ga shi ya sheƙa da gudu, ya rungume shi, ya sa a kawo riga mafi kyau da zobe da takalmi, aka yanka kiwataccen maraƙi. Wannan ƙarin nake nema wa suna.

"Tagomashi" ta dace da maganar mala'ika ga Maryamu a Luka 1:30, amma a kunnenmu tana da ƙamshin fada, na wanda ya iya zama da sarki. "Ni'ima" kuwa damina take tuna wa mutum, da wadata.

6/ Wani matashi ya ce "gyara". Na ji daɗin tunanin, don duk wanda ya taɓa sayen tumatir a kasuwar Farin Gada ya san yadda mai kaya takan ɗora uku ko huɗu a kan kwano. Sai dai ba a yi wa wanda bai saya ba gyara.

7/ Abin da ya fi damuna shi ne barin kalmar a Turanci. Yaranmu sun mai da ita sa'a. Wanda ya sami aiki ko biza sai ya ce "grace" ce ke binsa, kamar wanda bai samu ba Allah ya manta da shi. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai sauko da rai ba, amma ya sami alherin.

8/ Ga inda na tsaya. Ba za mu yar da "alheri" ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, kakanninmu a Filato sun yi sujada da kalmar nan, da ita muke rufe kowane taro idan muka ce alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da mu, 'ya'yanmu mata ma suna amsa sunan. Abin da zan daina shi ne barinta ita kaɗai a wa'azi. Farkon ambato zan ce "alherin da ba mu cancanta ba", daga nan in ci gaba da "alherin Allah".

9/ Mama za ta tambaye ni, "To ayyukan kirki fa?" Zan ce mata yaba kyauta tukwici. Ba wanda yake sayen kyauta da tukwici, bayan ta iso hannu ake ba da shi, don murna. Afisawa 2:10 ma, da ke maganar ayyukan kirki, bayan 8 da 9 ta zo.

10/ Matsala ɗaya ta rage: jimlar ta yi tsawo ga tafinta, mai wa'azi ba ya jira. Masu jin Berom da Ngas da Tarok, yaya kuke faɗinta a naku harshen? Ina so in samu kafin Lahadi.