Neman shawara: in bar yara su fita tashe bana ko in hana su?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. A cikin birnin Kano nake aure, wajen Gwale, gidan gado ne. Azumi ya kusa goma, yara har sun fara tara gwangwanaye da audugar yin gemu. Hajiya, kakarsu ta wajen uba, ita ke ɗaure musu gindi. Ta ce tunda aka kawo ta gidan nan ba a taɓa yin azumin da yara ba su fita tashe ba. Ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. Bara a bakin layinmu wasu samari suka fake da tashe suka ƙwace wa ɗan maƙwabcinmu waya, har da yanka a hannu. Babban ɗana shekararsa 11, ƙanwarsa 8. Maigidan ya ce abin da Hajiya ta faɗa shi za a yi. Yaya zan yi kada in saɓa wa tsohuwa, kada kuma in kai 'ya'yana ga halaka?

Wata uwa daga Dala:
Wa alaikumus salam. Ki fara sauraron rediyo ki ji ko akwai sanarwa. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da tashe saboda faɗan daba da ƙwacen waya. In an hana bana, ai an raba gardama.

Wani dattijo:
'Yata, tsoronki yana kan hanya, Hajiya ma tana da gaskiyarta. Mu da muka taso a cikin ganuwa, daren goma ga wata muke jira kamar sallah. Ka manna auduga a haɓa, ka samu sanda da tsohuwar riga, ka zama tsoho da gemu, ana ba ka gero ko 'yan kwabbai. Manya kuma suna can suna kallon Nalako, sarkin gwagware, ya ɗauro gwauro da igiya ana zagaya gari da shi. Wasa ne, amma akwai jan kunne a ciki, ga mai rowa, ga malalaci, ga wanda ya ƙi aure. To amma ki tuna wa Hajiya abu ɗaya: tashen 'yan mata da ƙananan yara dama na cikin gidaje ne. Wasan Mairama da Daudu a tsakar gida ake yi, gaban matan aure, a ba su hatsi su wuce gidan gaba. Ba mu taɓa tsallaka unguwar da ba a san iyayenmu ba. Abin da ya ɓaci shi ne yanzu yaro ya bi titi har inda babu mai tsawata masa.

Wani matashi, ɗan sintiri:
Anti, kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai. Damuwar duk iyayen layinku ce. A namu lungun iyaye maza suka je wajen mai unguwa, liman ya yi shela bayan asham: yara su tsaya iya layi biyu, babba ɗaya ya bi kowace tawaga, ƙarfe goma kowa ya koma gida, kuma ba mai fita da waya. Mu muka tsaya a bakin lungu da tocila. Baƙuwar fuska mukan tambaye ta gidan wa ta zo. Ki sa maigida ya kai maganar masallaci.

Wata yaya daga Fagge:
Ƙanwata, ni ta fuskar Hajiya zan yi magana. Kada kalmar hani ta fito daga bakinki, surukuta ba ta son haka. Ki kai mata kunun tsamiya da ƙosai, ki zauna ki ce tsoro kike ji, ki roƙe ta ita ta koya wa yaran irin na zamaninsu, a yi a tsakar gida a kira 'ya'yan maƙwabta. Labarin yaron da aka yanka kuma, uwarsa ta fi ki dacewa ta ba ta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi yadda Yaya ta ce. Ashe Hajiya ba ta san an yi yanka ba, ɓoye mata aka yi. Ta yi shiru, sannan ta aika a kira mata maigidan, ta ce gobe ya je wajen mai unguwa. Yanzu haka tana tsakar gida tana nuna wa ƙaramar yadda ake kiɗa ƙwarya a kan ruwa.