Kwana uku na farko ba aiki: in yarda ko in ƙi?

Jagorar Matasa: Salama, 'yan'uwa. Ikilisiyarmu za ta aika da mu aikin bishara a dogon hutun nan, mu 12, na mako biyu, kuma ni aka ɗora wa jagoranci. Faston da zai karɓe mu ya ce kwana uku na farko ba wa'azi a fili, ba makarantar yara, ba fentin majami'a. Mu huta, mu bi shi gida-gida muna gaisuwa, mu saurara. Dattawanmu kuwa sun ce ba don yawon buɗe ido aka tara baiko ba, mu kama aiki washegari. Ku da kuka taɓa zuwa, yaya kwanakinku na farko suka kasance? Jumma'a zan ba shi amsa.

Nas Mai Ritaya: 'Yata, kun yi allurar shawara? In za ku ƙetare iyaka, katin nan mai ruwan ɗorawa ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya taɓa yi kada a sa shi ya sake, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa. In likita ya ba ku doxycycline don zazzaɓin cizon sauro, ana farawa kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a ci gaba har mako huɗu bayan dawowa. Yara da sun ga gida sai su jefar da shi.

Jagorar Matasa: Na gode Mama, an gama da asibiti. Kwana ukun nake tambaya.

Tsohon Mawaƙi: Ki yarda, ƙanwata. Mu da dare muka sauka, jagoranmu ya ce da safe sai fili. Muka kafa lasifika a bakin hanya, tafintan ma sai da aka miƙa masa makirufo muka fara ganin fuskarsa. Muna cikin waƙa na lura faston garin ya tsaya can gefe, kansa a ƙasa, yana ta murza hularsa. Ashe gidan da muka juya wa lasifikar jiya-jiya suka yi rashin yaro. Ya so ya faɗa mana tun a mota, jagora ya ce a bari sai bayan taro. Mu muka tafi, shi aka bari da maƙwabta.

Ba nan ta tsaya ba. Kuɗi da takardunmu duk suna jakar mutum ɗaya. Gudawa ta kwantar da wasu, jagora ya ce ƙarancin bangaskiya ne. Wata yarinya ta roƙa a mayar da ita gida, da muka dawo ya hau bagade ya kira ta Yohanna Markus, wai ta gudu kamar yadda shi ya gudu ya bar Manzo Bulus a Bamfiliya. Har yau ba ta sake shiga ƙungiyar matasa ba.

Malamin Lahadi: Da ya ƙarasa karatun. A 2 Timoti 4:11 Bulus da kansa ya aika a zo masa da Markus, ya ce yana da amfani a gare shi.

Dattijo: Labarin jagora ɗaya marar kunne ba zai zama doka ba. Mako biyu ne fa. A cire ranar tafiya da ta dawowa, a cire Lahadi biyu, a cire kwana uku, me ya rage? Gwauraye ne suka sa hannu a baikon nan.

Mai Ganga: Ni dai shawarata, daren farko a gano mai minshari a ba shi ɗakinsa. Namu ya sa mun yi addu'ar dare ba da niyya ba.

Ma'ajin Tawaga: Kwana ukun ba asara ba ne ta fuskar kuɗi. Mota ce ke cinye fiye da rabi, abin da ake ba masu masauki bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Direba: Wane kashi ɗaya cikin goma? Mu sulusin kuɗinmu a ciyarwa ya tafi, kuma ni na riƙe littafin.

Matar Fasto: Ma'aji, abin da kuka bayar ka lissafa, ba abin da aka kashe ba. Ni nake karɓar tawaga. Kafin ku iso an ari katifu, an sayi mai na janareta, 'ya'yana sun koma kwana a ƙasa. Ambulan da kuke miƙawa ranar tafiya ba ya biyan rabi, kunya ce ke hana mu magana. Akwai shekarar da muka kai Kirsimeti muna biyan bashi. Ku aiko da kuɗin tun kafin ku taso, ku kuma tambayi matar gidan, kada ku tambayi faston, shi cewa zai yi Ubangiji zai tanada.

Dattijo: Mama, da girmamawa, tambayar ga waɗanda suka taɓa zuwa aka yi ta.

Matar Fasto: Baba, ku raɓa ne, rana na fitowa kun tafi. Mu ne muke nan mu ga abin da ya tsiro.

Malamin Lahadi: Luka sura 10 tana bayan Mama. Da Yesu ya aiki almajirai biyu-biyu, sallama ya ce su fara yi wa gida, su zauna nan, su ci abin da aka sa musu, kafin a zo maganar warkarwa da shela.

Dattijo: A surar nan kuma ya ce kada su tsaya gaisuwa a hanya. Aya ta 4.

Mai Ganga: Ya kuma ce kada a ɗauki jaka. Wa zai gaya wa 'yan matan mawaƙa?

Matar Fasto: Tunda an taɓo, ga abin da ya fi bashin ciwo. Ranar farko, kafin a san sunan yaro ɗaya, an ciro waya. Na ga hoton ɗan maƙwabciyata a Facebook an rubuta maraya, alhali uwarsa ce ta yi ta ɗebo wa tawagar ruwan wanka. Rigar wasa ce a jikinsa, ta Lahadi tana kan igiya.

Ma'ajin Tawaga: Masu ba da gudummawa suna son ganin hoto, Mama. In babu, baɗi ba za su bayar ba.

Tsohon Mawaƙi: Su ɗauki hoton rasit mana.

Jagorar Matasa: To, maganar kwana ukun fa? In ce masa biyu?

Direba: Wace irin mota za ku hau tukuna?