Na tsinci kyanwa a bayan madafa, wa ya taɓa jinyar irinta?

Mai tambaya, daga Tudun Wada, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana uku ke nan wata kyanwa take kwana a bayan madafarmu, cikin tsohon buhun gawayi. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, ido ɗaya ya liƙe da kwantsa, gashin kunnuwanta ya zube, ga miki a ƙafar baya. Da alama ta taɓa zaman gida, don ba ta gudu in na matso, sai ta yi ta kuka ƙasa-ƙasa. Ga kuma sanyin hunturun nan. Surukata ta ce a kore ta tunda ba a san daga inda ta fito ba, ni kuwa zuciyata ta ƙi. Jiya na dama mata madara, yau na tashi na ga tana zawo. Don Allah wanda ya taɓa riƙon irinta ya faɗa mini yadda ya yi.

Wata uwa daga Kurna, Kano:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, madarar ce ta sa ta zawo, ki daina. Yawancin kyanwoyi in suka girma cikinsu ba ya iya narkar da nonon shanu. Ki dafa mata ɗan naman kaza ko kifi, ba gishiri ba magi, ki cire ƙashi da ƙaya, ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a wuni. Kada ki cika mata kwano lokaci guda don tausayi, cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗauka. Ruwa kuwa kada ya yanke a kusa da ita.

Amma abin da ya sa na yi maza na rubuto shi ne, don girman Allah kada ki ba ta maganin mutane. Shekaru huɗu da suka wuce yarana suka shigo da wata da mai babur ya take wa ƙafa. Na ga tana nishi, sai na ɓalli kwatan ƙwayar farasitamol na jiƙa na ɗura mata, a zatona sauƙi nake nema mata. Kafin la'asar fuskarta ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, numfashi da ƙyar. Da asuba muka tarar ta mutu. Daga baya likitan dabbobi ya gaya mini hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, kaɗan ma kisa yake. Da na ƙyale ta da ƙafar ta warke, amma ni na kashe ta da hannuna. Har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Wani mai shagon hatsi a Maraɗi:

Mu nan mussa muke ce mata. Hajiya, ke kin yi sa'a taki tana yarda da mutum. Nawa muzuru ne, yaran kasuwa sun jefe shi har ido guda ya tsiyaye, ko inuwar mutum ya gani sai ya shige ƙarƙashin rumfa. Kullum bayan magariba nakan aje masa kan kifi wuri guda, in koma nesa in zauna, ba na ko kallonsa. Mako biyu muna haka kafin ya ci ina tsaye. Sai da wata ya zagayo ya bari na shafa bayansa. Yanzu shekararsa uku a shago, ɓera ya daina huda mini buhun gero.

Wani ma'aikacin asibitin dabbobi:

Anti, abin da Mama ta Kurna ta faɗa gaskiya ne, kuma ba shi kaɗai muke gani ba. An sha kawo mana kyanwa tana karkarwa tana dalalar da yawu, mu tambaya a ce an fesa mata fiya-fiya ne don kashe ƙuma. Wasu kananzir suke shafawa, wasu baƙin mai a inda gashi ya zube. Kyanwa da harshenta take wanka, duk abin da aka shafa mata cikinta zai je. Ko maganin kaska na karnuka, mai sinadarin fametirin, guba ne gare ta. Haka albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini, shi ya sa ragowar miya ba abincinta ba ne.

Ga abin da za ki iya yi yau. Ki ɗan ɗaga fatar bayan wuyanta ki saki. In ta koma nan take da sauƙi, in ta tsaya a tattare ruwan jikinta ya ƙare, kada ki kwana ba ki kai ta ba. Idon ki goge da auduga da ruwan ɗumi da aka tafasa, mikin ki wanke da ruwan gishiri marar ƙarfi, ki duba ko ƙuda ya yi tsutsa a ciki. Zubar gashin kunne kan zama ƙazuwa ko makero, kuma makero yana kama mutane, musamman yara. Ki ware ta a kwali da tsumma, ki wanke hannu da sabulu duk sanda kika taɓa ta. In akwai mai juna biyu a gidan, kada ita ta riƙa kwashe kashinta. Tunda kina Zariya, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Za a ba ta maganin tsutsar ciki, in ta murmure a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, wanda ake fara yi tun kyanwa tana da wata 3.

Wani direba daga Gombe:

Kan maganar haukan kare zan tsaya. Na cire wata daga kwata da hannu, tsoro ya sa ta kafa mini haƙori a yatsa. Na so in share, maƙwabcina ma'aikacin jinya ya tsare ni a bakin famfo na wanke da sabulu minti 15, ya raka ni asibiti aka fara mini allurai. Cutar in ta bayyana ba ta da magani, kuma kyanwa ma tana ɗauka. Ki lulluɓe ta da tawul kafin ki ɗaga, ko da kina ganin kyanwar Lami ce.

Wata malamar Islamiyya daga Katsina:

'Yata, batun surukarki a bi shi da ladabi. Kakata ma haka take, ta ce baƙuwar kyanwa turo ta ake yi. Ban yi musu da ita ba. Wata rana muna hira na kawo hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, da wanda ke cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Na tuna mata daga inda Abu Huraira ya samo alkunyarsa. Ba ta ce komai ba ranar. Bayan kwana biyu na gan ta tana zuba ruwa a murfin kwano a bakin zaure.

Wata ɗaliba daga Jos:

Anti ki duba nononta tukuna. Mu mun ɗauke wata zuwa gida, ashe tana da 'ya'ya huɗu a cikin tsohuwar taya, ko ido ba su buɗe ba. Sai washegari muka ji kukansu, biyu sanyi ya riga ya kashe su. Da mun duba da ba a yi haka ba.

Mai tambaya:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na duba, ba ta shayarwa. Maigida ya kai mu Samaru da safe a cikin kwali mai huji, an ƙara mata ruwa, an wanke mikin, an ba mu maganin ido da na ƙazuwa, an ce mu koma bayan mako biyu. Zawon ya tsaya. Mama ta Kurna, na karanta wa maigida labarinki, don shi ma jiya farasitamol ɗin ya ce a ba ta, Allah Ya sa ban bayar ba. Na zuba mata yashi a tsohuwar roba, ba wanda ya koya mata ta hau ta yi ta binne. Surukata har yanzu ta ce kada ta shigar mata ɗaki, amma ɗazu da ake gyaran kifi ita ta ce a ware kan a dafa mata daban. Likita ya yi maganar aikin hana ta haihuwa in ta yi ƙwari, ya ce tun tana wata 4 zuwa 6 kyanwa ke iya ɗaukar ciki, kuma wata biyu da 'yan kwanaki take haihuwa. Akwai wanda aka taɓa yi wa tasa? Kwana nawa ta yi kafin ta warke?