Ina so in rage gashina ya dawo tsaka-tsaki: a ina ya kamata almakashi ya tsaya?

Mai tambaya, daga unguwar Birni, Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin sha'anin gashi, musamman makitsa da iyayenmu mata. Na yi shekara 6 ina shafa defirizan, wato man da ke miƙar da gashi, amma na daina tun da na samu ciki, yanzu kimanin wata 14 ke nan rabona da shi, kuma jaririyata tana cikin wata na 5. Gashina ya sauko har ƙasan kafaɗa, sai dai tsawon ne kawai ya rage, domin bakinsa ya sirance ya tsattsage, kuma duk ranar da na yi tsifa sai in tara abin da ya cika tafin hannuna.

Na yanke shawarar in rage shi ya dawo tsaka-tsaki, ba gajere kamar na maza ba, ba kuma dogon da zai riƙa cinye mini ranar Lahadi ba, domin ni malamar makaranta ce, ƙarfe 7 na safe nake barin gida. Abin da ya shige mini duhu shi ne tsawon da ya dace in bari, da irin kitson da zai zauna a kansa ƙarƙashin ɗankwali da hijabi. Shin in datse duk wanda man ya taɓa a rana ɗaya ne, ko in riƙa ragewa kaɗan-kaɗan? Sannan surukata ta ce ba ta taɓa jin ya halatta mace ta sa wa kanta almakashi ba, ina so mai sani ya warware mini wannan ma.

Makitsiya, daga Zango

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya raya jaririya. Na haura shekara 20 ina kitso, kuma kai irin naki yana zuwa gabana kusan kowane mako.

Abu na farko, kada ki auna tsawon gashinki da ido a madubi, domin gashinmu idan ya sha ruwa ya bushe yakan tattare ya koma rabin tsawonsa, wani ma ya fi haka tattarewa. Ki kama sili kaɗan ki ja shi a hankali har ya miƙe, ki yi haka a wuri uku, wato goshi da tsakar kai da ƙeya, za ki ga ba su zo daidai ba, kuma galibi na goshi da na ƙeya su ne gajeru saboda a nan ɗaurin ɗankwali yake goga. A wurina, gashin tsaka-tsaki shi ne wanda idan an ja na ƙeya zai sauko ya taɓa gindin wuya, na gaba kuma ya kai ga hanci ko leɓe. Wanda ya kai haka yatsun makitsiya suna kama shi ba tare da ta ja fatar kai ba, kuma ke ma za ki iya tattara shi baya da kanki ranar da ba ki samu zuwa kitso ba.

Game da yanka, ni ra'ayina ki datse duk wanda defirizan ya taɓa a zama ɗaya. Mahaɗar sabon gashi da tsohon ita ce wuri mafi rauni, a nan yake tsinkewa duk lokacin da mataji ya bi ta kai, saboda haka barin sa ba ya ƙara miki komai sai wahalar tajewa. Gane iyakar ba shi da wuya. A wanke kan tukuna, yana jiƙe za a ga sabon gashi ya nannaɗe, tsohon kuma ya sauko a miƙe kamar zare, to a nan almakashi zai tsaya. A raba kan gida-gida a bi shi kaɗan-kaɗan, kuma a sami almakashi mai kaifi wanda ba a yanka tufafi ko takarda da shi, domin dakusasshe tauna bakin gashi yake yi, bayan 'yan makonni ya sake tsagewa. Reza kuwa kada a kusantar da ita.

Ina kuma jan hankalinki game da hotunan da 'yan mata suke nuna mini a waya, inda aka yanka gashi hawa-hawa, wani ya fi wani tsawo. Wannan yanka an yi shi ne domin gashi mai santsi da ake bari a sake, mu kuwa namu a kitse yake kwana, a rufe yake wuni. Idan aka yi miki hawa-hawa, kwana uku da kitso za ki ga bakin gashi yana tsattsagowa ta ko'ina. Ki ce a daidaita miki shi gwargwadon yadda zai yiwu.

Kitson da na fi so a kan wannan tsawo shi ne zane zuwa baya, guda 8 ko 10, domin yana kwanciya ƙarƙashin hijabi ba ya tayar da ƙullutu. Kalaba matsakaita ma tana kyau, kuma ana wanke kai da ita ba sai an tsefe ba. Shuku yana yiwuwa, amma yana jan ƙeya sama, ki bar shi sai ranar biki. Idan kina so gashin ya miƙe ba tare da wuta ba, ki yi kitson zare ya kwana biyu ko uku, idan kin warware za ki sha mamakin tsawonsa.

Ungozoma, daga Sabon Gari

'Yar uwa, na yarda da yawancin abin da Inna makitsiya ta faɗa, amma ina so ki raba matsala biyu da kika haɗa wuri ɗaya. Tsagewar baki da karyewa aikin defirizan ne, kuma gashin da ya tsage ba ya haɗewa ko da wane mai aka shafa masa, sai dai a yanke. Zubar da kike gani ranar tsifa kuwa tana da alaƙa da haihuwa. Lokacin ciki, gashin da ya kamata ya zube yakan tsaya a kai saboda canjin sinadaran jiki, sai bayan wata 2 zuwa 4 da haihuwa ya fara zuba gaba ɗaya, kuma ga yawancin mata abin yana lafawa kafin yaro ya cika shekara. Ki kuma tuna cewa mai lafiya ma yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, wanda ke cikin kitso kuwa ba shi da hanyar faɗuwa, shi ya sa na mako biyu yake fitowa a tare ya tsoratar da mutum. Ki duba silin da ya fita: idan akwai ɗan farin kai a gindinsa, daga tushe ya zube, idan guntu ne ba kai, karyewa ya yi.

Almakashi ba zai tsayar da zubar ba, ba kuma zai sa gashi ya yi saurin fitowa ba, domin daga tushe yake girma, kusan santimita 1 a wata. Da wannan lissafi, wata 14 sun ba ki kamar santimita 12 zuwa 14 na sabon gashi, kuma wannan shi ne tsawon da za ki tashi da shi idan kika bi shawarar Inna. Abin da na fi jin tsoro shi ne gaban goshi. Ina ganin mata da yawa goshinsu ya ja baya saboda kitso mai tsauri, kuma idan aka daɗe ana ja, tushen yakan mutu ba ya sake fitarwa. Duk kitson da ya hana ki barci ko ya fito miki da ƙuraje a gefen kai, ki warware shi a daren. Idan zubar ta wuce shekara, ko kina jin jiri da kasala, ki je a auna miki jini, domin ƙarancinsa yana yawa ga masu shayarwa kuma yana taɓa gashi.

Wata 'yar uwa, daga Karkada

Yaya, ni na bi wannan hanya shekara biyu da suka wuce, kuma da za a maimaita da ban datse duka a rana ɗaya ba. Tsakar kaina ta yi tsawo, amma ƙeyata ta fito gajera ƙwarai, na yi wata uku ba na iya ɗaure shi baya. Ina ba ki shawara ki auna ƙeyar tukuna, idan ba ta kai ba ki bar faɗin yatsa biyu na tsohon gashi a wurin, ki cire shi bayan wata biyu ko uku.

Abin da na ji daɗinsa shi ne ruwa da lokaci. Kin san halin da muke shiga a garin nan daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, famfo ya ɗauke, sai abin da 'yan garuwa suka kawo. Yanzu rabin bokiti ya ishe ni wanke kai, kuma yana bushewa kafin in sa hijabi, wanda yake da muhimmanci, domin rufe jiƙaƙƙen kai shi ke kawo wari da ƙaiƙayi. Karkashi nake jiƙawa in tace, yauƙinsa yana warware cukurkuɗewa, sai in fara tajewa daga baki zuwa tushe da mataji mai manyan haƙora. Da hunturu ina fesa ruwa kaɗan tukuna kafin in shafa man kaɗanya, domin man ba ya jiƙa gashi, danshin da ya tarar kawai yake tsarewa. Na kuma sa ɗan kallabi mai santsi a ƙarƙashin ɗankwalin atamfa, tun daga nan ƙeyata ta daina cinyewa.

Malamar Islamiyya, daga Garin Malam

Ɗiyata, game da maganar surukarki, ki amsa mata cikin ladabi, domin abin da ta taso ta gani take faɗa. Aske kai ƙwal ba tare da lalura ba shi ne malamai suka hana mace, amma ragewa ya zo a cikin Sahihu Muslim, inda aka ruwaito cewa matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun kasance suna rage gashinsu har ya zama kamar wafra, wato gashin da ya tsaya daidai kunnuwa. Sharaɗin da malamai suka ambata shi ne kada yankan ya zama kamanceceniya da maza, kuma yana da kyau ki shawarci maigidanki kafin ki yi. Abin da zan gargaɗe ki a kai shi ne, idan kika ga ya gajarta, kada a ruɗe ki da ƙarin gashi, domin hani a kansa ya tabbata a Buhari da Muslim.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na auna kamar yadda Inna ta ce, tsakar kai ta kai santimita 13 na sabon gashi, ƙeya kuwa 9 kawai, saboda haka zan datse sama duka in bar kaɗan a ƙeyar zuwa bayan damina. Maigida ya amince, kuma na karanta wa surukata amsar Malama. Inna, idan na yi zane guda 8 ɗin, mako nawa ya kamata ya yi a kaina cikin wannan zafi kafin in tsefe?