Ƙanwata ta ce tarihi za ta karanta a Amurka: wa ya taɓa bin wannan hanya?

Babban Yaya, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata da nake riƙo tun rasuwar mahaifinmu ta samu tallafin karatu a ɗaya daga cikin ƙananan kwalejojin nan na Amurka, irin su Amherst da Oberlin da Grinnell, waɗanda ke barin ɗalibi ya ɗanɗana fannoni da yawa kafin ya tsaya a kan ɗaya. Yanzu tana ƙarshen shekara ta biyu, lokacin da ake son kowa ya faɗi fanninsa. Mu a gida likitanci muka sa wa rai. Shekaranjiya ta kira ta ce tarihi take so. Umma ba ta ce uffan ba, amma ranar ba ta taɓa tuwonta ba. Ni injiniyanci na yi a ABU, tun daga aji ɗaya mun san inda muka dosa, don haka wannan tsari baƙo ne a wurina. Ba na so in hana ta bisa jahilci, ba na kuma so in zuba ido ta faɗa rami. Don Allah wanda ya yi wannan karatu da kansa ya faɗa mini abin da ya gani.

'Yar Fagge

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya saka maka da riƙon zumunci. Ni na yi, a wata kwaleji da ɗalibanta duka ba su kai dubu biyu ba.

Ka fara sanin cewa zaɓen tarihi ba ya rufe sauran ƙofofi. A wurinmu kwas talatin da biyu ake yi a shekara huɗu, goma ne kawai na tarihi. Sauran na cike su da ƙididdiga da Faransanci da tattalin arziki, har da kwas ɗaya na ilimin taurari. Ajin tarihi kuma ba zauren lacca ba ne. Mutum goma sha biyu ne ko sha biyar a kewayen teburi ɗaya, farfesa a zaune cikinmu, kowa da takardun da aka ba shi ya karanta. In ba ki karanta ba babu bayan wanda za ki ɓuya.

Zangon farko na sha wuya. Na taso da cewa abin da ke cikin littafi shi ke nan, aikina in haddace in mayar. Maƙalata ta farko na cika shafi biyar da sunaye da shekaru, ba kuskure ko ɗaya. Malamar ta kira ni ofishinta, ta ajiye takardar tsakaninmu, ta ce duk abin da na rubuta gaskiya ne, amma ita ba ta ji abin da ni nake cewa ba. Wa ya rubuta takardar da na dogara da ita? Wa yake so ya karanta? Me ya ɓoye? Na koma ɗaki na yi kuka, don ban taɓa jin an ce in tuhumi littafi ba.

Abin da ya tsayar da ni a fannin ya faru ne a shekara ta biyu, a kwas ɗin bauta a Amurka. Farfesa ya haska wani tsohon rubutun hannu a bango, ya ce na wani bawa ne, Umar ɗan Sa'idu, mutumin Futa Toro da aka sayar a Charleston a 1807, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana Karolina ta Arewa. Ya ce za mu yi aiki da fassarar Turanci tunda ba mai iya karanta asalin. Na ɗaga kai na kalli bangon, Yaya, sai na ga rubutun allo. Irin hannun da malam ya koya mana a soro, da tawada da alƙalamin kara. Kafin in san na buɗe baki har na fara karantawa, Tabara ce, da ita ya buɗe littafin. Ajin ya yi tsit. Farfesa ya miƙo mini abin nunin, ya koma ya zauna. Na ce musu mutumin da aka mallaka kamar akuya ya zaɓi ya fara da surar da ke cewa mulki duka a hannun Allah yake, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a zaɓen sura haka kawai. Awa guda muka yi a kan wannan shafi. Daga baya na ji cewa kwalejin Davidson, ita ma ƙarama irin tamu, tana ajiye da Baibul ɗinsa na Larabci, rubutun hannun kuma yana Laburaren Majalisar Amurka, kowa na iya gani a intanet.

Shekara biyu ina ganin abin da na zo da shi daga gida kaya ne da ya kamata in ajiye a bakin ƙofa. Ranar na gane shi ne jarina.

Ɗan Damagaram

Malam, ni daga Nijar na tafi, da Faransanci, Turancina na littafi ne. Karatun yana da yawa ƙwarai, wani makon shafi ɗari uku tsakanin kwas biyu. Akwai ɗaki da ɗalibai manya ke duba rubutun ƙanana kyauta, shekarar farko kusan can na tare.

Kundin kammala karatuna a kan kashe Kyaftin Cazemajou, sojan Faransa, a Damagaram a 1898 na yi shi, da yaƙin Tirmini na 1899 da Faransawa suka ci garin. Kwalejin ta ba ni kuɗin bincike a hutun bazara, ɗalibin digiri na farko, na je Aix-en-Provence inda Faransa ke ajiye takardun mulkin mallaka. Na zauna da rahotannin sojojinsu, sannan na wuce gida na zauna gaban tsofaffin Birni da rakoda. A takardar Bature, Sarki Amadu Kuran Daga maci amana ne. A bakin tsofaffi, sarki ne da ya ga baƙo ɗauke da bindiga yana neman hanyar zuwa wajen Rabe, mayaƙin da ya ci Borno, ya yi abin da ya ga zai tsare ƙasarsa. Malamina bai yarda in ce wannan gaskiya, wancan ƙarya ba. Ya sa na bi kowane zance in nuna daga ina ya fito, ya kuma tuna mini cewa tsofaffin ma ba su ga abin da idonsu ba, ji suka yi.

Amma akwai abin da ya ci mini rai, kada ƙanwarka ta shiga ba ta sani ba. Sashen tarihinmu malamai tara ne, mutum ɗaya ne ke riƙe da Afirka gaba ɗaya, daga Masar har Kef a ƙarshen kudancin nahiyar, shi kuma a kan Afirka ta Kudu ya ƙware. Shekarata ta ƙarshe ya tafi hutun bincike. Wanda ya duba kundina masanin Faransa ne, mutumin kirki, amma bai taɓa jin sunan Damagaram ba sai a bakina. Ta tambaya tun yanzu: wa ke koyar da yankin da take so, kuma zai kasance yana nan a shekararta ta huɗu?

Baban Sadiya, Minesota

Yaya, bari in kawo maganar da ba ta da daɗi, don ni ta same ni. Mai bizar ɗalibi in ya gama digiri ana ba shi izinin aiki na wata 12, wanda ake kira OPT. Wanda ya yi kimiyya ko fasaha ko injiniyanci ko lissafi yana iya ƙara wata 24 a kai, ya zama shekara uku. Tarihi ba ya cikin waɗannan. Na gama da sakamako mai kyau, na samu aiki a wani gidan adana kayan tarihi, suna so na ina son su, wata goma sha biyu na cika babu yadda za su yi. Abokin ɗakina da ya yi kwamfuta yana da sauran shekara biyu a hannu. Sai da na koma digiri na biyu kafin na samu wurin tsayawa, shekarun nan kuwa gida na jiran in fara aiko da wani abu.

Ban yi nadamar tarihi ba. Rubutun da nake ci da shi yau can na koye shi. Amma da wani ya zaunar da ni a shekara ta biyu, da na haɗa fanni biyu, tarihi da lissafi ko kwamfuta. Tsarin ya yarda da haka, da yawa suna yi.

Game da likitanci kuma, a Amurka sai an gama digiri na farko ake shiga, kuma ba dole ba ne ya zama na kimiyya. Mai tarihi na iya nema in ya yi kwasa-kwasan halittu da sinadarai da fiziks, ya zauna jarrabawar shiga likitanci da ake kira MCAT. Sai dai ka faɗa wa Umma gaskiya: makarantun likitanci da ke ɗaukar baƙi kaɗan ne, tallafin kuɗi ga baƙo ya fi haka ƙaranci. Ko da ilimin halittu ta ɗauka, hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce.

Malam Na Samaru

Ku gafarce ni, ni a gida na yi tarihi, amma dole in sa baki. Me zai kai ɗiyarmu garin da babu mai jin Hausa don ta koyi tarihi? A nan Zariya Abdullahi Smith ya koyar, shi ya kafa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, a Kaduna a 1970. A nan Yusufu Bala Usman ya koya wa ɗalibai tuhumar rahoton Bature, har da su Barth, Bajamushen matafiyin nan, da ake ɗauka kamar ba sa kuskure. Abin da 'yata 'Yar Fagge ta ce an koya mata, a tambayi wa ya rubuta kuma don wa, mu ma shi aka koya mana. Takardun lardunan Arewa kuma suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ba a jihar Ohayo ta Amurka ba.

'Yar Fagge

Baba, gaskiyarka, kuma littafin Dokta Bala a kan Katsina a can aka sa ni na karanta shi, na ji kunyar ban san shi tun a gida ba. Bambancin da na gani ba na ilimin malamai ba ne, na lokaci ne. Mutum goma sha biyu a aji, malama na iya karanta maƙalata layi-layi sau uku, ta kuma zauna da ni rabin awa kowane mako. Sannan wasu takardunmu ma suna can. Jami'ar Northwestern kusa da Shikago tana riƙe da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami na Malam Umaru Falke, ɗan kasuwa kuma malami a Kano. Na je na kwana uku ina jujjuya su, ina tunanin gidansa bai fi tafiyar ƙafa daga namu ba.

Malama, Unguwar Rimi

Ni na dawo gida bayan na gama, na yi bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a sakandare. Albashin ba yawa, ba zan ɓoye maka ba. Ina ƙarawa da rubuta rahotanni ga ƙungiyoyi, su kuma abin da suke biya shi ne iya karanta takarda ɗari a fitar da shafi biyu masu ma'ana.

Yaran da nake koyarwa sun biyo bayan shekarun da aka cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantu, yayyensu da yawa ba su taɓa yin sa ba. Nakan ba su aikin da aka ba ni a shekarata ta farko: kowa ya je ya zauna da mafi tsufa a gidansu, ya tambaye shi abu ɗaya da ya gani da idonsa, ya rubuto, sannan ya nemo wani da ya ga abin ta wata fuska. Wata yarinya ta kawo mini labarin ranar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira a 1973 daga bakin kakarta mai sayar da ƙuli-ƙuli, da yadda ta yi wata guda tana lissafi da sule a zuci kafin ta ba da canji.

Abu ɗaya da ba wanda ya ambata: yawancin kwalejojin nan a ƙananan garuruwa suke. Inda na yi, masallaci mafi kusa tafiyar awa guda ce a mota, Juma'a mu bakwai muke yi a wani ɗaki da makaranta ta ba mu. Azumi na farko ni kaɗai nake sahur da burodi da shayi, dusar ƙanƙara har gwiwa a waje. Ku riƙa kiran ta, Yaya. Kada kiran ya zama sai za a tambayi sakamako.

Babban Yaya, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Daren jiya na kira ta, muka yi kusan awa biyu. Maganar OPT ta riga ta sani, ta ce za ta haɗa da ƙididdiga, ta ma yi kwas uku a ciki. Malamin Afirka kuma ta ce gobe za ta je ofishinsa ta tambaye shi inda zai kasance nan da shekara biyu.

Sai na tambaye ta, in an ce ta rubuta kundi yau, a kan me? Ta yi shiru, sannan ta ce a kan masaƙun Kaduna, da abin da ya sami gidajen ma'aikata bayan an rufe su. Mahaifinmu shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙa. Tana da shekara huɗu ya rasu, ban taɓa zaton tana riƙe da abin a ranta ba.

Wayar a buɗe take, Umma na zaune tana ji. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan adaka. Ta fito da wata leda ɗaure da tsumma, ciki akwai katin shaidar aikinsa, da takardun albashi da suka yi ja, da katin ƙungiyar ƙwadago. Ta ce in ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya in tura mata, kuma in ce mata in ta zo hutu akwai matan abokan aikinsa uku a Kakuri da har yanzu suna raye.